Daga Randunan Jojiya Zuwa Gonar Pasteur: Tarihin Abin da ke Faruwa Cikin Ruwan Inabi

Idan inabi ya nuna sosai, sukarin da ke cikinsa yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ruwansa, wani lokaci har ya doshi kashi ɗaya cikin huɗu. A matse shi a zuba a tulu, kwana biyu ko uku sai a ga ya fara kumfa, yana ɗumi kamar an ɗora shi a kan murhu, alhali babu wuta kusa. Bayan 'yan makonni zaƙin ya tafi, abin da ya rage mai bugarwa ne. A bar shi a buɗe, sai ya sake juyewa ya zama ruwan khal. Ɗan Adam ya shafe kusan shekara dubu takwas yana kallon wannan canji, bai san mai yin sa ba sai a ƙarni na 19. Musulunci ya haramta giya, kuma babu mai jayayya a kan haka. Amma tarihin binciken abin da ke faruwa cikin wannan tulu ya shafi mai sha da wanda bai taɓa kusantarta ba, domin ta wannan ƙofa aka gano cewa akwai halittun da ido ba ya gani masu ruɓar da abinci, masu sa miki ya yi ruwa, masu kwantar da mutum.

Farisawa suna da labarin da suke bayarwa game da mafarin abin. An ce Sarki Jamshid yana son inabi ƙwarai, har yakan sa a adana masa shi a tuluna. Wani tulu ya yi kumfa ya canza wari, sai aka ɗauka guba ne aka keɓe shi. Wata mata daga gidan sarki da duniya ta yi wa zafi ta sha don ta huta da rayuwa, sai ta yi barci ta farka garau. Wannan almara ce, babu wata shaida da ta tabbatar da ita. Abin da ƙasa ta adana ya fi almarar tsufa. A Jojiya, kudu da birnin Tibilisi, an tono fasassun randuna a tsoffin ƙauyukan Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu da kusan 6000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 2017 masu bincike suka sanar cewa sun sami sinadarin tartarik a jikin yumɓun. Wannan sinadari mai tsami, a wancan yanki, inabi ne kaɗai ke da shi da yawa, don haka inda aka gan shi an san inabi ya zauna. A Hajji Firuz da ke tsaunukan Zagros na Iran an sami tuluna masu cin lita 9 kowanne, na tsakanin 5400 da 5000 kafin miladiyya, kuma a cikinsu akwai ƙaron itace. A kogon Areni na Armeniya kuwa, an tarar da wurin matsa sukutum na wajen 4100 kafin miladiyya: daɓen yumɓu da ake tattake inabi a kai, da randar da ruwan ke gangarawa ciki.

Ƙaron nan na Hajji Firuz shi ne alama ta farko ta matsalar da za ta bi wannan sana'a har tsawon tarihinta. Yin giya ba shi da wuya, kusan da kanta take yin kanta. Hana ta lalacewa shi ne jan aiki. Mutanen da suka zuba ƙaro ba su san me yake yi ba, sun dai lura cewa tulun da aka sa masa ya fi daɗewa.

Daga nan kurangar inabi ta bi 'yan kasuwa zuwa Sham da Masar. A kabarin wani sarkin Masar na farko-farko a Abidos, na wajen 3150 kafin miladiyya, an sami tuluna kusan 700 da aka kawo daga ƙasar Kan'ana. Lokacin da aka binne Fir'auna Tutankamun, wajen 1323 kafin miladiyya, Masarawa sun riga sun kai ga rubuta shekarar girbi da sunan gona da sunan shugaban ma'aikata a jikin tulu. Ma'ana sun gane cewa gona da gona ba ɗaya ba ne, shekara da shekara ma haka. Girkawa suka kafa garin Masaliya, wato Marseille ta yau, wajen 600 kafin miladiyya, kuma ta nan noman inabi ya samu gindin zama a ƙasar da za ta zama Faransa.

Romawa ne suka mayar da shi harka mai littattafai. Kato ya rubuta littafinsa na noma wajen 160 kafin miladiyya, Kolumela da Filini suka biyo baya a ƙarni na farko na miladiyya. Sun shafe cikin tuluna da baƙin ƙaro, sun zuba ruwan teku, sun barbaɗa garin dutse don rage tsami. Wata dabararsu kuwa ta zama annoba. Sukan dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar zuma, kuma marubutansu sun ba da shawarar a dafa shi a tukunyar darma, domin ta jan ƙarfe tana ɓata ɗanɗano. Tsamin ruwan yana narkar da darma, ya haifar da wani gishiri mai zaƙi wanda guba ne ga jijiyoyi da ƙoda. Masana tarihi suna saɓani a kan girman ɓarnar da wannan ya yi wa daular Rum, amma babu saɓani a kan cewa an sha darma. Al'adar ma ba ta mutu da Romawa ba. Sai a 1696 wani likita a garin Ulm na Jamus, Eberhard Gockel, ya gano cewa murɗawar cikin da ke kashe sufaye a yankinsa daga giyar da aka zaƙaƙa da darma take, har sarkin Württemberg ya sa hukuncin kisa a kan mai yin haka.

A ƙarni na 7 Musulunci ya zo, haramcin giya ya sauka daki-daki har ya cika a Madina da ayar Suratul Ma'ida. Hadisin Anas bin Malik ya ba da labarin yadda aka zubar da ita har ta kwarara a lungunan garin. Gonakin inabi a ƙasashen Musulmi ba su mutu ba, aka ci gaba da noma shi don ci da zabibi da khal. A nan akwai abin da ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya a kai. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka, sun yi saɓani ne kawai a kan wadda aka juyar da gangan. Sun ɗauki abin a matsayin canjin zati, wato abu ɗaya ya gushe wani ya maye gurbinsa, kuma haka yake a ilimin sinadarai: barasar ce take haɗuwa da iska ta koma wani sinadari dabam mai tsami wanda ba ya bugarwa. A wannan zamani ne kuma fasahar tatsar tururi ta bunƙasa. Al-Kindi a Bagadaza, a ƙarni na 9, ya yi littafi a kan haɗa turare da tatsar ruwan furanni, kuma a rubuce-rubucen da ake dangantawa ga Jabir bin Hayyan an ambaci tururi mai kama wuta da ke tashi idan an tafasa giya. Sirrin shi ne barasa tana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai 100, don haka ita take fara tashi. Da wannan ilimi ya shiga Turai a ƙarni na 12 da na 13, a karo na farko aka iya ware abin da ke bugarwa, a riƙe shi a kwalba a dube shi.

A Turai sufayen Kirista ne suka riƙe gonakin. Ƙungiyar da aka kafa a Cîteaux a 1098 ta mallaki gonar Vougeot a yankin Burgundi, ta kewaye ta da katanga, kadada kusan 50, kuma tsara bayan tsara suna lura da wane ɓangare ne ke ba da wane irin ɗanɗano. A Jamus wata doka ta 1487 ta halatta ƙona farar wuta a cikin ganga kafin a zuba giya. Hayaƙin farar wuta yana kashe ƙananan halittu yana kuma tare ɓarnar iska, kuma har gobe shi ne babban makamin masu wannan sana'a, duk da cewa masu ƙona shi a lokacin ba su san abin da suke kashewa ba. Ana yawan cewa wani sufi mai suna Dom Pérignon, wanda ya karɓi ragamar rumbun Hautvillers a 1668, shi ya ƙirƙiro giya mai kumfa ta Shamfen. Wannan ƙawa ce da aka yi wa tarihi daga baya. Abin da ke rubuce shi ne, tun a 1662 wani likitan Ingila, Christopher Merret, ya bayyana wa ƙungiyar masanan Landan yadda ake ƙara sukari don giya ta yi kumfa. A yankin Shamfen kuwa kumfa matsala ce a lokacin. Sanyin hunturu yakan tsayar da tsimuwa kafin sukari ya ƙare, a ɗura a kwalba, da zafi ya dawo sai aikin ya tashi a cikin kwalbar, iska ta taru, kwalabe su yi ta fashewa a rumbu.

Amsar tambayar wa ke juyar da ruwan inabi ta fara fitowa ne daga ma'auni. A 1680 Leeuwenhoek na Holan ya ga ƙwayoyin yisti ta madubin da ya ƙera, amma bai ɗauke su masu rai ba. A 1769 Scheele na Suwidin ya ware sinadarin tartarik daga gishirin da ke manne a jikin ganguna. A 1789 Antoine Lavoisier ya auna sukari da ruwa da yisti kafin tsimuwa, ya auna abin da ya fito bayanta, ya nuna cewa sukarin ya rabu gida biyu ne, barasa da iskar kabon, kuma babu abin da ya ɓace ko ya ƙaru. A wannan bayani nasa a kan tsimuwa ne ya bayyana ƙa'idar da kowane ɗan sakandare ke haddacewa yau, cewa a haɗuwar sinadarai nauyin abin da ya shiga daidai yake da na abin da ya fita. Juyin juya halin Faransa ya fille masa kai a 1794. Gay-Lussac ya zo ya gyara lissafin, kuma da ma'aunin yau giram 180 na sukari yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na iskar kabon. A aikace, kowane giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. Iskar kuwa ba ta wasa ba ce: lita ɗaya ta ruwan inabi tana fitar da kusan lita 50, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasan rumbu. Shi ya sa ma'aikata suka saba shiga da kyandir a hannu. Idan ya mutu, sai a juya da baya nan take.

Lissafi ya fita, amma wa ke raba sukarin? Wajen 1837 mutum uku, kowa a gefensa, Cagniard de la Tour da Theodor Schwann da Friedrich Kützing, suka ce yisti halitta ce mai rai, tana tsiro tana haihuwa. Manyan masana sinadarai na lokacin suka yi musu ca. Justus von Liebig, wanda maganarsa ta fi ta kowa nauyi a Jamus, ya dage cewa yisti mataccen abu ne mai ruɓewa, ruɓewarsa ce ke girgiza sukari ya tarwatse. A 1839 mujallarsa ta buga wani rubutun ba'a da ke kwatanta yisti da 'yar dabba mai haɗiyar sukari tana fitsarin barasa. Girman Liebig ya danne gaskiya kusan shekara ashirin.

Wanda ya warware ta ɗan majemi ne. An haifi Louis Pasteur a garin Dole a 1822, ya tashi a Arbois, wani ƙaramin gari a yankin Jura da gonakin inabi suka kewaye. A 1848, yana da shekara 25, ya duƙufa a kan wani abin da ya ɗaure wa masana kai. Akwai tartarik iri biyu, sinadaransu ɗaya sak, amma ɗaya yana karkatar da wani nau'in haske idan ya ratsa shi, ɗayan ba ya yi. Pasteur ya busar da gishirin na biyun, ya sa madubi, sai ya ga ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne: wasu suna da ɗan shaɓe a dama, wasu a hagu, kamar tafin hannun dama da na hagu. Ya ɗauki hantsaki ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya tara tsibi biyu, ya narkar da kowanne dabam. Ɗaya ya karkatar da haske dama, ɗaya hagu. A haɗe suna soke juna. Tsohon masani Biot bai yarda ba sai da aka maimaita gwajin a gabansa. Daga nan Pasteur ya riƙe wani zato da bai taɓa saki ba, cewa abin da ya fito daga mai rai yakan ɗauki ɓangare ɗaya, ko dama ko hagu, kamar yadda inabi ke yin tartarik na dama kaɗai.

A 1856, yana koyarwa a Lille, wani mai masana'antar barasa daga gwozar sukari mai suna Bigo ya kawo masa kuka cewa gangunansa suna tsami. Pasteur ya ɗebi ruwa daga masu kyau da marasa kyau. A masu kyau ya ga ƙwayoyi mulmulallu suna tsiro. A marasa kyau ya ga wasu 'yan sanduna ƙanana ƙwarai, kuma tsamin da ke ciki irin na nono ne. A 1857 ya fitar da bayaninsa a kan wannan tsami, a 1860 a kan tsimuwar barasa. Ya shuka yisti a ruwan da babu komai sai sukari da gishirin ma'adinai, yisti ya yaɗu, barasa ta fito, babu wani ruɓaɓɓen abu da Liebig zai jingina da shi. Hukuncinsa shi ne kowace tsimuwa tana da halittarta. Wannan ya haɗa da tsamin da madara ke yi a ƙwarya ta zama nono, domin dangin 'yan sandunan nan ne ke yin sa.

A 1860 Faransa da Ingila suka ƙulla yarjejeniyar ciniki, giyar Faransa ta fara tafiya ƙetare da yawa, kuma da yawa tana isa a lalace. A 1863 Sarki Napoleon na Uku ya nemi Pasteur ya duba lamarin. Ya koma Arbois da almajiransa, suka kafa ɗakin gwaji na wucin gadi, suna bin rumbunan mutanen garin suna karɓar kwalabe. Ya nuna cewa giyar da ta koma khal, da wadda ta yi ɗaci, da wadda ta yi yauƙi, kowacce da ƙwayar da ta ɓata ta, har yakan faɗi ciwon giya ta madubi kafin a ɗanɗana. Maganin da ya bayar shi ne a ɗumama ta zuwa tsakanin 50 da 60 na ɗan lokaci ba tare da iska ta shiga ba. Ya yi rajistar dabarar a 1865, littafinsa a kan giya ya fito a 1866. Ba shi ya fara ɗumama abinci don adanawa ba, Nicolas Appert ya riga shi da shekaru masu yawa, amma shi ya faɗi dalili. Masu giya mai tsada ba su rungumi dabarar ba, sun gwammace tsabta da farar wuta. Wadda ta ci moriyarta ita ce madara, bayan Franz von Soxhlet ya ba da shawarar a riƙa ɗumama ta jarirai a 1886. Kafin nan ma, a Gilasgo, likitan tiyata Joseph Lister ya karanta aikin Pasteur ya ce in dai ƙwayoyi ne ke ruɓar da giya, su ne ke ruɓar da miki. A 1867 ya bayyana yadda yake wanke rauni da kayan aiki da sinadarin kabolik, mutuwa bayan tiyata ta ragu ƙwarai. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da gonar inabi ta taɓa haifarwa.

Gwajin da ya fi burge ni kuwa a gonar Pasteur ta kansa aka yi shi, wata 'yar gona da ba ta kai rabin kadada ba a wajen Arbois. A Fabrairun 1878 babban masani Claude Bernard ya rasu, a Yuli aka buga wasu takardunsa da ke nuna yana zaton barasa na iya samuwa a inabi ba tare da yisti ba. Pasteur ya san yisti ba ya bayyana a bawon inabi sai lokacin nuna, kuma a lokacin inabin Jura ɗanye ne shar. Nan da nan ya sa aka ƙera masa ɗakunan gilashi aka kifa a kan wasu kurangu, a ciki kuma ya naɗe wasu nonnan inabi da audugar da aka gasa don kashe duk wata ƙwaya. A Oktoba inabin ya nuna. Ya matse na waje, cikin kwana biyu ya fara kumfa. Ya matse wanda aka naɗe, ya ajiye a ɗumi, shiru, ruwan ya zauna da zaƙinsa. Ya kwance audugar wasu ya bar su a sarari, da aka matse su sai suka tsimu. Masu tarihin rayuwarsa sun ce matarsa da 'yarsa ne suka riƙe rassan a hannu cikin jirgin ƙasa har Paris don ya nuna wa majalisar masana.

Duk da haka Bernard da Liebig ba su faɗi ƙasa warwas ba. Pasteur ya rasu a 1895. A 1897 Eduard Buchner a Jamus ya niƙe yisti da yashi, ya matse shi da injin matsa har ruwan cikinsa ya fito babu ƙwaya ko ɗaya mai rai. Ya zuba sukari da niyyar kada ruwan ya lalace, sai ga kumfa. Ashe yisti mai rai yana ƙera wasu sinadarai ne, waɗanda ake kira inzayim, su ne ke raba sukari, kuma suna iya aiki ko bayan mai su ya mutu. Buchner ya karɓi kyautar Nobel a 1907. Zuwa 1940 an gano matakai goma da sukari ke bi, aka kuma gano cewa matakan nan su ne jikin mutum ke bi idan yana ƙona sukari don samun ƙarfi.

Yayin da ake wannan a ɗakin gwaji, gonakin kansu suna mutuwa. Wajen 1863 kurangu suka fara bushewa a kudancin Faransa. A 1868 Jules-Émile Planchon ya tono saiwa ya ga wasu 'yan ƙwari rawaya, filoksera, waɗanda suka shigo tare da dashen da aka kawo daga Amurka. Abin da Faransa ke samarwa ya faɗo daga lita biliyan 8.4 a 1875 zuwa biliyan 2.3 a 1889. Gwamnati ta sa ladan faran 300,000, aka gwada ambaliyar gonaki, aka gwada ɗura guba a ƙasa. Abin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Turai a ɗaura a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Mafi yawan gonakin inabin duniya a yau a kan irin wannan saiwa suke tsaye. Da dashen Amurka kuma wata cutar ganye ta shigo a 1878. Alexis Millardet ya lura cewa kurangun bakin hanya, waɗanda aka shafa wa haɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa don tsorata masu tsinka, ba su kamu ba. A 1885 ya bayyana haɗin Bordeaux, kakan magungunan feshi masu jan ƙarfe da ake yi wa tumatir da dankali da koko.

Bala'in ya ƙetaro Afirka ta wata fuska. Faransawa 'yan mulkin mallaka suka mamaye filayen Aljeriya da inabi, har zuwa shekarun 1930 ya kai kadada kusan 400,000, ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace fitar da giya a duniya, a kan ƙasar da da can alkama take ciyar da mutanenta. A Faransa kuma ƙarancin ya buɗe ƙofar algus, ana haɗa giya da zabibi da sukari da rini. A 1889 doka ta ce giya ita ce abin da ya fito daga tsimuwar ɗanyen inabi kaɗai. Da gonaki suka farfaɗo farashi ya karye, a 1907 manoman kudu suka yi bore, dubban ɗaruruwa suka cika Montpellier, sojoji suka harbe mutane a Narbonne. Daga wannan rikici dokokin hana algus suka ƙara tsauri, har aka kai ga tsarin kare sunan yanki na 1935.

A ƙarni na 20 sana'ar ta koma hannun masu ma'auni. Émile Peynaud na Bordeaux ya koya wa manoma sarrafa tsimuwa ta biyu, wadda wasu ƙwayoyi ke mayar da tsamin malik mai kaifi zuwa na laktik mai laushi. Aka fahimci cewa ruwan yawancin baƙin inabi fari ne, launin da baurin daga bawo suke fitowa idan an bar shi ya jiƙa, kuma sinadarin baurin dangin wanda ke cikin bagaruwar majema ne. Tankunan ƙarfe masu sanyaya suka shigo, gonar Haut-Brion ta kafa nata a 1961, domin yisti yakan gaji idan zafi ya haura 35. Algus dai bai ƙare ba: a 1986 giyar da aka gauraya da metanol ta kashe mutum kusan 20 a Italiya. Ra'ayin likitoci ma ya juya. A zamanin Pasteur ana ganin giya ta fi ruwan rijiyar birni aminci, har sai a 1956 Faransa ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 ita a makaranta. A 1988 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, kuma babban mai laifin shi ne sinadarin da hanta ke mayar da ita kafin ta fitar.

Yistin kuwa ya bar rumbu ya shiga masana'antar magani. A 1996 aka kammala karanta dukkan ƙwayoyin gadonsa, kusan 6,000. Tun kafin nan an koyi cusa masa umarnin gado daga wata halitta don ya ƙera abin da ake so. A 1986 aka amince da rigakafin ciwon hanta nau'in B da yisti ke samarwa, ana kuma yin wani kaso mai yawa na insulin ɗin masu ciwon sukari ta wannan hanya. Najeriya ta sa rigakafin ciwon hantan cikin alluran yara na yau da kullum a 2004, kuma ana so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwarsa.